Zaren da Ya Ƙone a Tanderu

Da hantsi Sufeto Thibodeau ya isa cibiyar binciken da ke bakin Kogin Saint-Laurent, ya tarar da Solange Vaillancourt tsaye gaban tanderu. Ɗaliba ce mai neman digirin dakta.

"Me ya ƙone?"

"Aikina na shekaru. Roba nake mayarwa zare, in gasa shi ya zama kabon mai riƙe iskar haidirojin. Gobe za a kai shi Montreal a sake aunawa."

"Ba a tanderu ake gasa shi ba dama?"

"Sai da iskar agon mai hana shi kamawa da wuta, Yallaɓai. Idan aka rufe tukunyarta, iskar ɗaki ta shiga, komai ya ƙone. An ce sakacina ne, za a kore ni. Ba inda za ni."

Sufeto ya duba tukunyar. Cike take, an rufe ta, an sauke ma'auninta, har an ɗaura mata murfin ƙarfe.

Ya tambayi Anselme, abokin karatun Solange, wa ke ɗaura murfin.

"Murfi? Wa ke da lokacin wannan? Tsoho kaɗai. Kullum sai ya zage mu a kai."

Tsohon shi ne Farfesa Lachapelle, malamin Solange. Sufeto ya je ya same shi.

"Yau ban leƙa ɗakin ba," in ji shi. "Yarinyar ce ke da gaggawa."

"Mai gaggawa ba ya tsayawa ɗaura murfi, Farfesa. Hannunka ya yi abin da ya saba."

Farfesa ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Na shaida wa duniya zaren nan na riƙe haidirojin fiye da kowane. Daga baya na gane na'urarmu ce ke yoyo. Da an auna a Montreal, sunana ya mutu."

"Sai ka zaɓi nata ya mutu."

Sufeto ya sa aka kama shi.

Da aka fito da shi, Solange na bakin ƙofa.

"'Yata, ki yafe mini."

"Da ka faɗa mini, Malam, da tare za mu gyara. Kai ka koya mini kada in yi wa ma'auni ƙarya."

Aka wuce da shi. Ba ta yi kuka ba sai da motar ta ɓace. Sannan ta share fuska, ta koma ciki ta fara dama sabuwar roba.