Miyar Kawa a Dandamali na Bakwai

A duk tekun Ibeno babu ginin da ya kai Dandamali na Bakwai lafiya. Shekararsa arba'in da ɗaya a tsaye cikin ruwa yana zuƙo mai, kuma kowace shekara takarda na shaida cewa ƙafafunsa na ƙarfe ba su ragu da ko kaurin farce ba.

Shi ya sa Sufeto Akpanudo bai ta da hankalinsa ba da aka kira shi kan ɓatan na'urar auna kaurin ƙarfe, ana saura kwana biyu baƙin injiniyoyi su zo tantance dandamalin. Yana son iskar teku, kuma ya sha jin labarin kukun wurin.

Injiniya Etukudo, shugaban masu nutso, shi ya tarbe shi.

"Masunta ne, Sufeto. Ko takalmi ka ajiye sai sun ɗauke."

"Kaurin kifi za su auna da ita? Yaushe rabonku da amfani da ita?"

"Watan jiya. Ƙafafu huɗun duka muka kankare, muka auna. Ga rahoto."

Sufeto ya duba. Awon bana daidai yake da na bara, har da na bara waccan. Ƙarfe mai biyayya.

A ɗakin kayan nutso ya ɗaga wani kwalkwali, ya tarar gizo-gizo ya yi iyali a ciki. Ya mayar a hankali, don kada ya ta da masu gida.

Da rana ya zauna a kicin, tsohon kukun, Ete Mfon, ya zubo masa miyar ganyen afang.

"Ete, ni fa miyar kawarka aka yi mini talla."

"Wace kawa, Oga? Kawa ai 'yar dabbar teku ce mai ɓawo, a jikin ƙafafun dandamalin nan take mannewa. In masu nutso sun kankare ƙarfe za su auna, buhu-buhu suke hauro mini da ita, mu yi mako muna sha. To, shekara uku ke nan ban ga ko ɓawonta ba. Na zaci likita ne ya hana su."

Sufeto ya gama cin abincinsa tsaf, ya nemi ƙari, sannan ya aika a kira Etukudo.

"Injiniya, kun kankare ƙafa huɗu watan jiya. Ina kawar?"

Etukudo ya dubi kuku, ya dubi tukunya, ya nemi kujera.

"Shekara uku da suka wuce na sauka da kaina. Na buga wa ƙafa ta uku guduma, ta shige kamar burodi. In na rubuta, a rufe wurin. Mutum tamanin ke ci a nan, Sufeto."

"Tamanin ɗin kuma a nan suke kwana. Me kake aunawa duk shekara?"

"Wani guntun bututu, a ɗakina. Na'urar tana ajiye duk abin da ta auna. Da baƙin sun buɗe ta, shi ke nan."

"Tana ina?"

"Ƙasan teku."

"Madalla. Bana dai an samu wanda ya sauka."

Aka sa wa Etukudo ankwa, aka shiga da shi jirgi. Kafin mako ya zagayo an kwashe kowa daga dandamalin, ba wanda ko ƙafarsa ta jiƙe.

Wata guda bayan haka Sufeto ya tsaya sayen gasasshiyar ayaba a bakin tashar jiragen. Mai gasawar, a kan rabin ganga, Ete Mfon ne. Ya zaɓa masa mai laushi, ya shafa manja, ya ci gaba da fifita gawayinsa.