Sunan da Inna Tabawa Ba Ta Faɗa

Ƙaramar fitilar da ke saman ƙofar ɗakin Inna Tabawa ta yi kore, alamar na'urar Makusanci tana bakin aiki. Ta auna bugun zuciyar tsohuwar, ta saurari numfashinta, ta ji sanda ta ajiye carbi ta jawo kwanon kunu. Sannan ta ji abin da ta saba ji kullum da hantsi.

"Sa'adiyya ba ta kira ba har yanzu," in ji Inna Tabawa, ita kaɗai a ɗaki. "Allah ya tsare min Sa'adiyya, auta mai rigima."

Na'urar ta ɗauki sunan ta ɗora a ma'auninta, kamar yadda ta yi jiya da shekaranjiya.

A Birnin Dawaya babu sauran asibitin unguwa. Tun da gwamnati ta fito da manufarta mai suna Al'ummar Bayanai, aka rushe tsofaffin gidaje, aka kwashe tsofaffi aka zuba su a dogayen benaye masu ƙofofin ƙarfe, kowa da ɗakinsa, kowa da Makusancinsa. Aikin na'urar ɗaya ne. In jikin mutum ya rikice, ita za ta kira wanda ya fi kusa da shi a duniya. Shi ne zai ba da izinin motar asibiti marar direba ta taso, kuma muryarsa kaɗai ƙofar ƙarfen take buɗe wa. An ce an yi haka ne don a tsare tsofaffi daga ɓarayi, a kuma rage kiran banza da ke cinye man mota.

To, ta yaya na'ura za ta san wanda ya fi kusa da kai? Ba ta tambayarka. Hukumar Tallafa wa Binciken Zamani ta ce mutum yana ƙarya, bayanai kuwa ba sa yi. Saboda haka Makusanci saurare take yi. Sunan da ya fi fitowa daga bakinka, wanda kake ambato in kana murna ko kana addu'a, shi ne naka. Wanda ba ka ambata ba, baƙo ne.

Wanda ya ƙera wannan abu shi ne Dakta Haladu Ƙaura, ɗan Inna Tabawa na fari. Mutum ne mai ƙoƙari, ba za a rage masa ba. Sai dai ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Lokacin da ya nemi tallafi, ya rubuta cewa kafin a saki na'urar sai an tura mutane sun zauna da tsofaffi sun ga yadda suke mu'amala da iyalinsu. Daraktan Hukumar, Alhaji Ado Maikano, ya soke wannan sashe da jan biro yana dariya.

"Dakta, manufar gwamnati a fili take," ya ce. "Muna tallafa wa abin da za a gani da ido, a yanke ƙyalle, a ɗauki hoto. Hira da tsofaffi wa zai buɗe ta? In ba ka so, akwai masu jira a layi."

Haladu ya tuna ɗakin bincikensa da mutanen da ke cin abinci a ƙarƙashinsa. Ya sa hannu.

Bayan an saki na'urar, sai koke ya fara zuwa. Tsohuwa ta faɗi a ɗaki, ɗanta yana bene na gaba, ba a kira shi ba, an kira wani jika da ke wata ƙasa. Wata kuma 'yarta ta tsaya a bakin ƙofa tana kuka, ƙofa ta ƙi buɗewa. Hukumar ta kira wannan "ƙananan matsalolin farko". Haladu kuwa ya zauna da masu koken ɗaya bayan ɗaya, har wata mata mai sayar da kayan miya, wadda ƙofar uwarta ta ƙi buɗe mata, ta faɗi maganar da ta buɗe masa ido.

"Ranka ya daɗe, ni ce 'yarta ta fari. Ina za ta faɗi sunana?"

Ya koma ya tambayi sauran. Kusan dukkansu 'ya'yan fari ne.

Abin haushin shi ne, ba baƙon al'amari ba ne a wurinsa. Kowa ya san uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane, ko kallonsa ba ta yi sai a sace. Shi kansa Haladu ana yaye shi aka miƙa shi ga kakarsa. Tun tasowarsa, "wancan" yake a bakin Inna Tabawa, in ta ji daɗi ta ce "mutumin nan". Ya saba da abin har ya daina ganinsa, kamar yadda mutum ba ya ganin hancinsa. Da wannan makantar ya koya wa na'ura cewa ƙauna a baki take.

Ya buɗe ma'aunin mahaifiyarsa. Sa'adiyya ce a sama, ƙanwarsa da ke aiki a gonar hasken rana can cikin hamada, inda waya ba ta shiga sai in ta fito hutu. Shi kuwa ga abin da aka rubuta a gaban hotonsa: baƙo.

Ya nufi ofishin Darakta ko sallama bai yi da kyau ba.

"Ranka ya daɗe, a kashe na'urar nan. Ko a ba ni mabuɗin in gyara. Mutane suna mutuwa a bayan ƙofa."

Alhaji Ado ya ɗaga kofin shayinsa. "Mabuɗin yana hannun kamfanin da ya ci kwangila, kuma an rufe tsarin har sai an gama Bikin Al'ummar Bayanai. Baƙi za su zo daga ƙasashen waje. A ranar za a sanar da tallafin zango na biyu. Kana so in ce musu abinmu bai san kunya ba?"

"Mahaifiyata tana ciki."

"Allah ya ƙara mata lafiya. Ka je ka ce ta riƙa kiran sunanka mana. Wannan ma sai an kashe kuɗin gwamnati?"

Maganar banza ce, amma babu wata. Haladu ya tafi.

Inna Tabawa ce ta buɗe masa da kanta. Da ta gan shi sai ta kau da kai, ta koma kan tabarma tana gyara mayafi. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Ba ta tambaye shi ko ya ci abinci ba. Ta dai tura masa kwano da muciya, ya buɗe ya ga dambun zogale da ƙuli, abin da ya fi so tun yana yaro. Ba ta san zai zo ba. Kullum take ajiyewa.

"Inna, alfarma na zo nema."

"Ina ji."

"Abin nan na saman ƙofa. So nake ki riƙa faɗin sunana yana ji. Ko da safe ne kawai."

Ta juyo ta dube shi sosai, abin da ba ta cika yi ba. "La'ilaha illallahu. Bokon ne ya taɓa ka?"

"Inna, in wani abu ya same ki, ba za a kira ni ba. Ƙofar nan ba za ta buɗe min ba."

"To sai me? Rai a hannun ƙofa yake?"

"Sau ɗaya dai, Inna. Babu kowa a nan, daga ni sai ke."

"Da Allah fa? Da ni kaina?" Ta ja tsaki. "Uwata ta rasu ba ta faɗi sunan yayana ba, kuma babu wanda take so kamarsa. Ni ce zan tsufa in zama marar ta ido saboda wani ƙarfe? Ci abincinka ka tashi."

"To ki dawo gidana."

"Su da suka kawo ni nan sun ce in na bar ɗakin za a yanke min magani. Kai ka fi ni sani, ai aikinku ne."

Gaskiya ta faɗa, wannan ma yana cikin tsarin. Ya ci dambun ya miƙe. Da zai fita ya ji ta a bayansa, murya ƙasa-ƙasa: "Allah ya yi wa wancan albarka." Fitilar ta yi kore. Ba ta ɗauki komai ba.

Daga ranar ya riƙa zuwa kullum kafin ya tafi aiki. Ya roƙi maƙwabciyarta, Goggo Kande, ta riƙa kasa kunne. Ya aika wa Sa'adiyya saƙo, saƙon ya tsaya a hanya yana jiran ta fito daga hamada. Ya rubuta wa kamfanin kwangila, suka amsa da godiya.

Ranar bikin aka tsayar da shi a kan dandamali cikin babbar riga, aka karɓe wayoyin kowa a ƙofa saboda tsaron baƙi. Alhaji Ado yana ta zuba jawabi a kan birnin da babu tsohon da zai ƙara mutuwa shi kaɗai. Ana cikin tafi sai Haladu ya hango Goggo Kande a bakin zaure, babu takalmi a ƙafarta, masu gadi sun riƙe ta tana nuna shi da hannu. Bai jira komai ba, ya diro.

Ya tarar da mutanen benen sun taru a ƙofar. Fitilar ta koma ja. Wani ya kawo taɓarya yana dukan ƙarfen, taɓaryar ce ta tsage.

"Buɗe!" Haladu ya daka tsawa. "Ni ne Dakta Haladu Ƙaura. Ni na ƙera ki!"

"Sannu da zuwa," in ji na'urar, da muryar nan mai laushi da shi ya zaɓa mata. "Ba ka cikin makusantan mai ɗakin. Ana ci gaba da kiran Sa'adiyya. Motar asibiti tana jiran izininta."

Ya durƙusa ya manna bakinsa a ƙasan ƙofar. Yana jin numfashinta, yana fita da ƙyar kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi.

"Inna! Ina nan. Kina jina?"

Goggo Kande tana salati, wani yana ƙoƙarin kiran kamfanin, ana ce masa ma'aikata suna wurin biki.

Can sai murya ta fito, siririya, a hankali, kamar mai taka wurin da ba ta taɓa takawa ba.

"Haladu."

Matan da ke wurin suka sunkuyar da kai. Shi kuwa, mutum mai furfura a gemu, bai taɓa jin sunansa a wannan muryar ba. Ya fashe da kuka kamar yaro.

"Haladu... kar ka ji ciwo a hannu. Bar dukan."

"An ji sabon suna," in ji na'urar. "Bayanan ba su isa ba. Za a duba a sabuntawa ta gaba."

Bayan haka Inna Tabawa ba ta ƙara magana ba. Sun ci gaba da dukan ƙofar har aka kira la'asar. Sannan fitilar ta mutu, ƙofar ta zame da kanta, domin tsarin ya ce ɗakin da babu mai numfashi ba ya buƙatar tsaro. Inna Tabawa tana kwance dab da bakin ƙofa, ta ja jiki har nan. A gefen tabarma ga kwano a rufe.

An yi mata sutura kafin magariba. A hanyar dawowa daga maƙabarta, manyan allunan birni suna nuna Alhaji Ado yana yanke ƙyalle. Gwamnati ta gamsu, an ninka tallafi, zango na biyu zai kai Makusanci kowane ƙauye. A can kuwa iyaye mata sun fi na birni kunya.

Washegari ana zaman makoki aka kawo wa Haladu wayarsa daga wurin bikin. Saƙo biyu ya tarar. Na farko daga Hukumar, ana taya shi murnar zama shugaban zango na biyu. Na biyun daga Makusanci ne. Ya karanta, ya sake karantawa, mutane suna ta shigowa suna yi masa gaisuwa yana amsawa bai san me yake cewa ba.

"An sabunta ma'aunin Tabawa. An ambace ka sau biyu. Matsayinka yanzu: wanda ta sani."