A Yanke Ni Daga Fim Ɗin

Auta na tsaye a falo tana goge rigar mijinta, cikinta ya fara nauyi, sai wayarta ta hau ruri. Yayanta ne, wanda duk gidansu ke kira Darakta tun da ya gama fim ɗinsa na farko.

"Ke Auta! Gobe ne mijinki zai faɗi fina-finan da za su ci awad, ko?"

"Gobe ne, Yaya."

"To ki tuna masa yana da surukai. Baba ya ce a kai masa rediyo ɗaki."

Ta ajiye wayar. Mijinta, Mai Rediyo, aikinsa ke nan: duk shekara in an gama bikin nuna fina-finai, sai ya zauna a gidan rediyo ya faɗi waɗanda yake hasashen za su ɗauki kyauta. Sana'a ce da ba guduma ba allura, amma tana ciyar da gida, kuma jarinta ɗaya ne, a yarda da bakinka.

Shi kuwa Darakta bai iya cewa a'a ba. Duk ɗan'uwan da ya ce a sa shi a fim, ya sa shi. Gwaggo ta fito likita, Kawu ya fito ɗan sanda da tumbinsa, Baba ya fito uban jarumi. A wurin da jarumin ke mutuwa, Baba ya tsaya a kansa yana jawabi, ya yi ta yi, har mai mutuwar ya gaji ya gyara ƙafa. Ranar da aka nuna fim ɗin a bikin, zauren ya kwashe da dariya. 'Yan gidan na layin gaba, suka ɗauka daɗi ne ya kama mutane. Auta na baya da mijinta, ta ji wani saurayi na cewa, "Wallahi tsohon nan sai ya kashe mu kafin yaron ya mutu!"

Da Mai Rediyo ya shigo, ta tare shi tun bai cire takalmi ba.

"Yallaɓai, don Allah, ko a ƙarshen jerin ne ka sa fim ɗin Yaya."

"Kin kalla da idonki, Auta. Na gaya wa Yaya tun yana editin, yana tace fim ɗin, ya rage jawabin Baba, akwai fim mai kyau a ƙarƙashinsa. Ya ce mini shi ba zai yanke ubansa ba."

"Aurena fa?"

"Ba zan zage shi ba. Amma in na yi ƙarya gobe, jibi wa zai saurare ni? Da me zan ciyar da ke da abin da ke cikinki?"

Ta yi kuka har rigar da ta goge ta sake yamutsewa a hannunta.

Washegari ya faɗi fina-finansa, bai ambaci na Darakta ba. Kafin azahar Baba ya aiko a zo. Mai Rediyo ya durƙusa a bakin ƙofa, dangi sun cika ɗakin.

"Na ba ka 'ya, kai ka kasa ba ɗana kalma ɗaya?" in ji Baba. "Bare ka yaba!"

"Baba, ka yi haƙuri. Gudun kada a..."

"Jelosi ne kawai!" Darakta ya katse shi. "Ba ya son a ce wani ya yi suna a dangin nan."

Baba ya nuna ƙofa da sandarsa. "Tashi ka tafi. Auta ta zauna nan. Ranar da na riƙe kyauta a hannuna ka zo ka ba ni haƙuri, sannan mu yi magana."

Auta ta koma ɗakin da ta bari tun tana budurwa, an cika shi da fitilun ɗaukar fim da tarin wayoyin lantarki. Gwaggo kan leƙo ta ce, "Ina matar mai gaskiya? Gaskiyar ta kawo miki cefane?" Auta ta ci gaba da aikinta. Ba ta zagi mijinta don ta faranta wa gida ba, ba ta kuma kai masa ƙarar ubanta ba. Mijin ma duk mako yana aiko da maganinta da kayan awo, Baba na mayarwa, yana sake aikowa.

Ana haka wani mai sharhi da ake kira Bakin Zuma ya ɗauki fim ɗin ya ɗora a ka. Kullum yana cikin waya yana ihu: "Fim ɗin shekara! Dattijon nan ya gama da kowa, a ba shi kofinsa kawai!" Darakta na kai masa gaisuwa a jaka. Baba ya ɗinka sabuwar riga, ya haddace jawabin godiya, yana maimaita wa jikoki a tsakar gida.

Ranar ba da kyauta suka ɗunguma gaba ɗaya, har Auta da tsohon cikinta. Aka kira fim bayan fim, yawancinsu waɗanda Mai Rediyo ya faɗa. Ba a kira nasu ba. Sai mai gabatarwa ya ce, "To, a ɗan huta da abin da ya fi ba mu dariya a bana!" Allon ya haska, ga Baba yana jawabi, ga mai mutuwa yana gyara ƙafa. Zauren ya ɗauka. Bakin Zuma ma har da buga kujera.

Baba ya waiga dama, ya waiga hagu. Yanzu ya gane irin dariyar. Ya yunƙura zai tashi, ƙafa ta ƙi. Kawu ya sulale, Gwaggo ta rufe fuska da mayafi, Darakta ya daskare kamar gunki. Mai Rediyo ne ya taso daga wurin 'yan jarida, ya tsaya tsakanin tsohon da kyamarori, ya kama shi ya fitar da shi ta ƙofar gefe, Auta na biye da hula da sanda.

Daga nan asibiti aka wuce, jinin Baba ya hau. Da ya farfaɗo ya dubi 'yarsa.

"Kin sani?"

"Na sani, Baba."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Wanda ya faɗa ai kora aka yi masa."

Hawaye suka bi gemun tsohon. Ya sa aka kira Darakta.

"Ka yanke ni daga fim ɗin."

"Haba Baba..."

"Na ce ka yanke! Ka zauna da mijin ƙanwarka, abin da ya ce a cire, a cire." Ya juya ga surukinsa. "Kai kuma ɗauki matarka. Ni ne zan ba ka haƙuri."

Hannun Baba na hagu bai sake ɗaguwa ba, wannan ba ya gyaruwa. Fim ɗin da aka rage bai ci kyautar kowa ba, amma da aka sake nuna shi, mutane sun zauna har ƙarshe, kuma a wurin mutuwar ba wanda ya yi dariya. Auta ta haihu a ɗakinta.

To ku ji, 'yan mata. In kuna zaɓen miji, kada ku bi mai daɗin baki. Wanda ya ƙi yi wa ubanki ƙarya yana tsaka da ƙarfinsa, shi zai tallafe shi ranar da ƙafa ta ƙi. Ke dai ki riƙe harshenki, ki riƙe aurenki, masu tafi ba sa raka kowa asibiti.