Sifikar da Trofim Ya Ɓoye a Cikin Kyauro

Dab da faɗuwar rana Trofim ya tura kwalekwalensa don ya ɗauko sifikar da ya ɓoye a cikin kyauro, can inda kogi yake zuba a teku bayan garin Sulina.

Baƙi masu kallon tsuntsaye yake ɗauka a kwalekwalen, kuma bai taɓa ganin mutanen banza kamarsu ba. Tsofaffin likitoci ne da malamai masu ritaya daga birnin Bukarest da Jamus, sun sha hula kamar faifai, sun rataya kyamara mai tsawon taɓarya. Mutum da furfurarsa, ya baro jikokinsa, ya zo yana rawar jiki a kan agwagwa! Babban burinsu wani tsuntsu ne mai ɓuya, mai kuka kamar ana hura bakin tulu. Shi ya sa Trofim ya naɗi kukan, kullum da asuba ya je ya kunna musu shi a sifikar a ɓoye. In sun ji har ƙwalla suke yi, shi kuwa ya kau da kai yana dariyar ƙeta.

Matarsa Anfisa ta sha gaya masa cewa mazauna bakin ruwa ba sa kira a cikin kyauro, ba sa kuma amsawa in an kira su. Ya ce mata wannan zancen tsofaffin mata ne masu ɗankwali.

Ya kashe inji, ya koma tura gora. Warin ruɓaɓɓen laka da gishiri ya cika masa hanci. Kwaɗi sun yi tsit. Ya laluba ya ciro sifikar, a mace, batir ya ƙare.

Sai kukan ya tashi a bayansa.

Ya tsaya. Kukan ya sake tashi, har da 'yar ƙarar da sifikarsa take yi a ƙarshe. Sifikar kuwa tana hannunsa, sanyi ƙalau.

Daga nan kukan ya canja.

"Trofim," aka ce a hankali. Muryar Anfisa ce. "Malam, zo ka kama ni. Ƙafata ta nutse."

Ya san ya baro ta tana gyaran kifi a tsakar gida. Amma bakinsa ya riga hankalinsa.

"Anfisa? Anfisa, kina ina?"

Kyauro ya dare gida biyu, ba iska. Wani abu dogo, fari fat, ya miƙo wuya daga ruwa. Ba shi da ido, sai baki a buɗe, yana sauraren muryar Trofim. Ya karkata kai, kamar yadda baƙin nan suke yi in sun ji tsuntsu.

Trofim ya fizgi igiyar inji. Shiru. Ya sake fizga. Gefen jirgi ya fara nutsewa. A ta uku injin ya kama, ya fita a guje, kyauro yana tsaga masa fuska.

Bai gaya wa kowa ba. Ya jefa sifikar a teku, ya daina yi wa baƙi dariya, ya ɗauka magana ta ƙare.

Bayan 'yan kwanaki yana cin miyar kifi, Anfisa ta zauna kusa da shi tana matse gefen siket ɗinta. A jiƙe yake har gwiwa.

"Wai kai wane irin mutum ne?" ta ce. "Ka tsaya a bakin ruwa kana ta kirana, in zo kuma ka ƙara matsawa ciki. Gobe in ka sake, sai na biyo ka na kamo ka."