Randar Ƙarfen da aka Sayo a Ataba

Magariba ta kawo jiki a unguwar Darrasa da ke babban birnin Masar, bangon gidaje ya fara sakin zafin da ya sha tun safe, lokacin da Mahasin ta kwance ƙugiyoyin murfin sabuwar randarta. Kiran salla yana tasowa daga masallatai, wannan yana hawa kan wancan. Ta ɗaga murfin, sai ta tsaya cak. Kunun zaƙin da ta haɗa da asuba yana motsi shi kaɗai ba wuta a ƙarƙashinsa, kumfa tana hawa tana fashewa a hankali. Warin da ya doki hancinta kuwa, ko yaro ya san ba na kunu ba ne.

Mijinta Ja'afar ya fito daga alwala, ruwa yana ɗiga daga gemunsa. Ya shaƙi iskar sau ɗaya, ya dubi randar, sannan ya dubi matarsa. Kallon ya daɗe fiye da yadda ya kamata.

Ja'afar mutumin Gusau ne, yana karatun digiri na uku a fiƙihu. Mahasin kuwa Bahaushiyar Sudan ce, iyayenta sun taso da ita zuwa Masar tana ƙarama. Shekara goma sha huɗu ke nan da aurensu, da 'ya ɗaya, Tasneem. Kunun da Mahasin take yi wa ɗaliban Najeriya masu kewar gida shi ne rabin abincin gidan, kuma duk shekarun nan a bokitin roba take kwanar da ƙullunta. Da robar ta fara riƙe tsami, Ja'afar ya ce shi zai zaɓo abin da ya dace. Yini biyu ya yi a kasuwar Ataba, yana ƙwanƙwasa tukwane da yatsa kamar mai sayen kankana, har da mayen ƙarfe a aljihu, don an gaya masa ƙarfen kirki wanda ba ya tsatsa ba ya kama shi. A wurin wani mai kayan gwanjo ya samu wadda ta yi masa: doguwa, mai ƙyalli, da famfo a gindi, da murfi mai ƙugiya wanda iska ba ta shiga, da wani ɗan lanƙwasasshen bututu a ka wanda bai san amfaninsa ba. Ya tambayi kaurin ƙarfen, ya tambayi lita nawa take ci, ya duba walda. Malamin fiƙihu guda, bai tambayi me aka taɓa yi a cikinta ba.

A wannan magaribar aka fara jifa. Tsakuwoyi ne ƙanana, suna faɗowa a kan katakon taga ɗaya bayan ɗaya, a hawa na biyar, inda babu komai a gaba sai bayan wani tsohon gini marar ƙofa. Ana kiran isha'i, jifan ya tsaya.

Washegari Mahasin ta zubar da kunun, ta rage tsiron dawa, ta sake haɗawa. Kafin rana ta faɗi ya sake juyewa. Rana ta uku ba ta sa tsiro ko kaɗan ba, ya juye. Warin ya sauka matakala, har mai gadin gidan ya daina amsa sallamar Ja'afar da baki, sai da ka. Wannan ya ci wa Ja'afar rai, kuma maimakon ya zargi abin da ya sayo da hannunsa, sai zuciyarsa ta nemi wanda ya fi kusa.

"Maman Tasneem," ya ce da ita a rana ta huɗu, muryarsa a ƙasa, "na ji ana cewa a ƙauyukanku mata kan dafa giyar dawa a ɓoye. Marisa, ko ba haka kuke ce mata ba?"

Mahasin ta ajiye muciyar da ke hannunta. "Malam, ni kake tambaya wannan?"

"Tambaya na yi."

"Wallahi ban taɓa ba. Wallahi ban iya ba."

"Khalas, shi ke nan," ya ce, ya juya. Amma bai yarda ba, ita ma ta ga bai yarda ba. Daga ranar ya fara buɗe ledojin cefanenta idan ta dawo, yana shinshina kwalaben kayan ƙamshi, yana tambayar wace ce matar da ta tsaya da ita a bakin titi. Kullum sai ta rantse, kullum sai ya ce khalas. Kuma kullum tsakanin magariba da isha'i tsakuwa tana zuba a taga, wani lokaci a ji ƙwanƙwasa uku daga cikin randar ko da babu komai a ciki. Ja'afar ya ce ai gidan da aka shigo da haram dole ya ga abin da ya fi haka.

A rana ta tara ya hana Mahasin taɓa randar. Ya kira Tasneem, ya ce ta tafasa ruwa ta ƙona cikinta sau bakwai a gabansa. Rana tana gab da faɗuwa, lokacin da ko tsohuwar da ba ta yi makaranta ba ta san ba a zubar da ruwan zafi. Mahasin ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu. Yarinyar ta tuttula ruwan farko, da tsoron uba a ranta har bisimilla ta kuɓuce mata. Randar ta yi wata ƙara mai tsawo. Tasneem ta saki tukunyar, ta zauna a ƙasa a hankali, ta miƙe ƙafafu. Da ta ɗago kai, idanunta a buɗe suke amma ba su san kowa ba, kuma dariyar da ta fito daga bakinta ta tsohon namiji ce.

Ja'afar ya karanta duk abin da ya sani har muryarsa ta dishe, abin da ke jikin yarinyar yana kallonsa kawai. Mahasin ce ta yafa mayafi ta tafi lungun masu littattafai, ta zo da Malam Abakar, wani dattijo mutumin Maraɗi mai ɗaure tsofaffin littattafai, wanda ba ya tallar abin da ya sani.

Malam Abakar ya zauna a gaban yarinyar, ya nemi ruwa a kofi. Ya daɗe yana karatu ƙasa-ƙasa, ɗakin ya yi tsit har ana jin mai sayar da burodi yana wucewa a can ƙasa. Sannan ya yayyafa mata ruwan. Jikinta ya ƙanƙame.

"Wane ne kai, kuma me ya kawo ka jikin 'yar mutane?"

"Ni ban zo gidan kowa ba," in ji muryar. "Da gidana aka zo da ni. Shekara shida ina cikin wannan ƙarfe, a unguwar Muhandisin, wurin wani Bature mai dafa giyarsa a ɗaki. Kumfar nake sha. Da gari ya rikice ya gudu ya bar kayansa, aka sayar. Abin da aka zuba a gidana, ni nake mayar da shi yadda na saba. Yau kuma an ƙona ni."

"Matar gidan nan ta sa wani abu a ciki?"

"Ita? Gero da citta da kanumfari. Kullum sai ta yi bisimilla ta takura ni. Ba ta san komai ba."

Ja'afar ya sunkuyar da kai.

"Za ka fita," in ji Malam Abakar.

"A cika mini randar sau ɗaya, a bar ta kwana bakwai a rufe, sai in tafi."

"Ba za a dafa maka haram a gidan Musulmi ba ko da cokali ɗaya." Ya ci gaba da karatu, ya ɗaga murya kaɗan. Yarinyar ta yi ta murɗewa, Mahasin ta riƙe mata kai tana hawaye.

"Tsaya," in ji muryar, ta yi rauni. "To a bar mini gidana. Kada a sayar wa wani, kada a fasa. A kai shi gindin dutsen Muƙaɗɗam inda ba mutane, murfi a buɗe."

"Wannan an ba ka. Gobe kafin azahar. Kai kuma ka yi alkawari ba kai ba gidan nan, ba kai ba yarinyar nan."

Muryar ta yi alkawari sau uku. Tasneem ta yi atishawa mai ƙarfi, babban yatsan ƙafarta ya karkaɗa, sannan jikinta ya saki. Ta buɗe ido ta ce tana jin ƙishirwa, da muryarta ta kullum.

Washegari Ja'afar ya ɗauki randar a tasi shi kaɗai, ya kai ta inda aka ce. Da magariba ta yi, taga ta yi shiru. Ya sami Mahasin a kicin, ta fito da tsohon bokitinta tana wankewa. Ya tsaya a bakin ƙofa, kunya ta ishe shi.

"Maman Tasneem, ma'alish. Ki yafe mini. Yanzu na tabbata ba ki yi komai ba."

Ba ta juyo ba. Ta ci gaba da cuɗa bokitin har ta gama, ta kifar da shi.

"Na yafe maka, Malam," ta ce. "Amma kwana shida ina rantse maka da Allah, ni da na haifa maka 'ya, ba ka yarda ba. Aljani mashayi ya faɗa sau ɗaya, ko rantsuwa bai yi ba, ka yarda."

 Sannan ta ɗebo gero ta jiƙa na gobe.