Milimita Uku

Abin da suka ɗauko daga Dutsin-Ma bai da yawa: ma'auni, gorar ruwa, da sandar ƙarfe ɗaya naɗe cikin buhu. Mamuda ke tuƙi. Injiniya Hafiza na gefe tana tunanin tumatirin Makera, wanda ya kwana biyar ba ruwa tun da sandar babban famfon manoman ta karye.

Ita ta zana sabuwar. Injin da ya gina ta yana feso garin ƙarfe marar tsatsa, hasken lesa na narkar da shi hawa-hawa kamar ginin ƙasa. Saura Malam Hudu na Kurfi ya feƙe ta daidai awo.

Da isarsu shagonsa ta bar masa buhun ta shiga sallar azahar. Da ta fito ya ce, "Injiniya, wannan ba aikinki ba ne." Sandar sumul take, kuma maganaɗisu ya kama ta, alhali ba ya kama irin ƙarfen da aka gina tata da shi. Baƙin ƙarfe ne. An yi musanya.

Aka kira 'yan sanda. Sufeto Sabitu ya fara da Hudu, tunda shi aka bari da buhun, kuma yana da injin da zai iya yin jabun. Tsohon ya ce shekararsa talatin da ɗaya a shagon nan ba a taɓa kiransa ɓarawo ba. Naziru, mai kula da injin ginin, ya ce ta waya wai da hannunsa ya naɗe ta ya ba direba da safe. Mamuda ya rantse bai kwance buhun ba.

Hafiza ta auna jabun sau biyu.

"Yallaɓai, zane biyu na yi. Na Naziru na ƙara masa kaurin milimita uku, don abin da injin ya gina gargaje yake fitowa, duk kaushi, dole a bar abin feƙewa. Na Malam Hudu shi ne awon ƙarshe. Wannan jabun kuwa a awon ƙarshe take."

"To ai kin ƙara ɗaure tsohon," in ji Sufeto.

Ta ce a'a. Malam Hudu ya san da gargaje za ta iso, sun yi maganar. Da shi ne, da gargaje zai yi, kuma da bai tona kansa ba. Naziru ma ya sani. Wanda ya yi wannan jabun, takardar zanen kawai ya gani, bai taɓa ganin abin da injin ke fitarwa ba, kuma tun kafin yau ya tanade ta.

Sufeto ya tambayi wanda ya kawo zanen Kurfi.

"Mamuda," in ji Hudu. "Ranar Talata aka ba shi, sai Alhamis na gan shi."

Mamuda ya ce mota ce ta lalace. Sufeto ya sa a buɗe but ɗin motar. Sandar gaskiya na ƙarƙashin tayar safaya, da tabon guduma a kanta. Nan ya faɗi sauran: da zanen ya sa aka ƙera jabun; wani mai gona yana da irin famfon, shi ya kai wa ta gaskiyar da safe kafin su taso. Sun buga, sun buga, ta ƙi shiga.

"Da ma ba za ta shiga ba," in ji Hafiza. Tabon bai wuce milimita ɗaya ba, feƙewa za ta cinye shi.

Bayan an tafi da Mamuda ta durƙusa gaban tsohon. Ta ce da ya karɓa ya yi shiru, da jabun ta karye cikin wata guda, da sunanta a kai.

"Na gode, Baba. Allah Ya saka da alheri."

Ya ce ta tashi, tumatir ba ya jira. Ya ɗora sandar a inji, ya nuna mata wata kusurwa da ya ce gaba ta sassauta, wuƙarsa na shan wuya a wurin. Ta duba, ta ga gaskiyarsa.

Masu kallo sun cika ƙofa. Ta tura ta ta rufe.

"Daga yau ba zanen da zai shiga injin can sai ka gani, Baba."