Manhajar da Ke Tsayawa Ranar Alhamis

Ranar da ya fara aiki a kamfanin, ya tarar da ita tana faɗa da kwamfuta.

Kowa ya fita cin abincin rana, ita kaɗai ta rage a ofis. Auta ake kiranta, a gida da wurin aiki. Aikinta tattara bayanan da 'yan sashensu ke rubutawa: yadda ake kunna wannan, yadda ake gyara wancan. Kowace Alhamis sai ta kwashe su ɗaya bayan ɗaya ta liƙa a wiki, wato shafin kamfani da kowane ma'aikaci ke shiga ya karanta. Da hannu take yi. Hoto ya ƙi hawa, rubutu ya karkace, ta goge ta sake.

Ya tsaya a bayanta. Dogo ne, sai da ya sunkuya kafin ya ga abin da take yi.

"Malama, wa ya yanke miki wannan hukuncin?"

Ba ta juyo ba. "In taimako ka zo, ja kujera. In kallo ne, ga taga can."

Ya ja kujera. Sai a lokacin ta dube shi, ta yi saurin mayar da idonta kan aiki.

Mai rubuta manhaja ne, kuma gwaji aka ɗauke shi, sai an ga aikinsa kafin a tabbatar da shi. Ya ce zai haɗa mata abin da zai riƙa wannan wahalar da kansa. Suka ɗauki makonni kujera kusa da kujera. Yana tambaya, tana nuna masa. In ya yi kuskure ta buga masa biro a bayan hannu. Daga nan ya sa mata suna Shugabata, ita kuma ba ta taɓa kiransa da komai ba sai Dogo.

Abu ya yi kyau. Mutum ya rubuta bayaninsa, ya ajiye a jakar sashe da ke cikin kwamfuta. Ranar Alhamis manhajar ta shiga jakar, ta kwashe, ta jera a wiki tsaf. Aka tafa masa. Ya ɗauki kujerarsa ya koma teburinsa a hawa na sama.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta.

"Shugabata, daga yau za ki riƙa tashi da wuri. Kyautata ke nan."

Ta karanta, ta dubi gurbin da kujerarsa ta bari. Kyauta ce wannan ko sallama? Ta rubuta "Na gode", ta kife wayar.

Mako ya wuce ba ta gan shi ba sai daga nesa. Auta ba za ta hau bene neman namiji ba, tana da girman kai irin na ubanta. Da Alhamis ta zagayo, sai ta ɗauke jakar daga inda manhajar ke nemanta, ta ajiye a wani wuri. Manhaja ta duba ba ta ga komai ba, ta tsaya.

Ba a jima ba sai ga shi da kujera a hannu.

"An ce abina ya mutu."

"Ni ma haka na gani. Aikin naka ke nan?"

Ya zauna. Gyaran da bai kai a sha ruwa ba ya cinye musu yini. Alhamis ta gaba ma haka, da wadda ta biyo ta. A cikin waɗannan gyare-gyaren ya faɗa mata abin da ke ransa, ta ce ya je ya ga Baba.

To akwai wani a sashen talla, Mai Turare ake ce masa, don ƙamshinsa ke riga shi shiga ɗaki. Ya daɗe yana zagayen Auta tana kauce masa. Shi ya kai wa Manaja ƙara cewa wiki ba ya sabuntuwa a kan lokaci, mutanensa na karanta tsohon bayani. Bai tsaya nan ba. Baban Auta makanike ne, sai Mai Turare ya kai motarsa garejinsa, lafiyarta ƙalau, ya zauna ya ba shi labarin Dogo.

Baba ya dawo gida ya kira ta, ko hannu bai wanke ba.

"Yaron nan da kika ce zai zo. An ce abin da ya haɗa kowane mako sai ya tsaya."

"Baba, ai..."

"Ni in mota ta dawo garejina sau biyu da ciwo ɗaya, ba na iya haɗa ido da mai ita. Wanda bai riƙe aikinsa ba, ba zai riƙe gida ba. Kada ya zo."

Mama ta ce, "Malam, a bari dai a ji ta bakin yaron." Baba ya ce ya gama magana.

Washegari Manaja ta sanar cewa ranar Alhamis za a zauna a kan Dogo: ko a tabbatar da shi, ko ya kama gabansa.

Auta ta kasa cin abinci. Ta ɗauki waya.

"Dogo, akwai abin da na ɓoye maka."

Amsa ta zo nan take. "Na sani, Shugabata. Duk wanda ya taɓa jakar, manhajar tana turo min sunansa. Tun Alhamis ta farko."

"Ka sani ka yi shiru?"

"Da na so, layi ɗaya zan rubuta in kulle ta. Ban so ba. Ki kwantar da hankalinki, zan ce sakacina ne."

Ta yi dariya, ga hawaye. Ta rubuta: "Ba ka isa ba."

Ranar zama, Mai Turare ya zo da wuri ya kama kujerar gaba. Manaja ta ce Dogo ya yi bayani. Ya miƙe ke nan Auta ta riga shi magana.

"Ranki ya daɗe, manhajar ba ta da ciwon komai. Ni ke ɗauke jakar."

"Ke? Don me?"

Ta sunkuyar da kai. "Don ya sauko."

Wani a baya ya kasa riƙe dariya, sauran suka bi. Manaja ta cire tabarau ta dubi Dogo.

"Kai kuma ka sani?"

"Na sani, ranki ya daɗe."

"Ku biyun duka kun ci amanar aiki, kuma za ku karɓi takardar gargaɗi. Yau za ka kulle jakar nan a gabana. Gobe ka sauko da teburinka kusa da nata, ku bar mana wiki ya huta."

Mai Turare ya fita. Ƙamshinsa ya ɗan jima kafin ya bi shi.

Saura Baba. Auta ta same shi a gareji, rabin jikinsa a ƙarƙashin mota. Ta durƙusa ta faɗa masa komai. Ya daɗe bai fito ba. Da ya fito, ya goge hannu da tsumma.

"Wato injin lafiyarsa lau, 'yata ce ke cire masa waya."

"Eh, Baba."

"Shi kuma ya ga hannunki, ya rufa miki asiri, har zai bar aikinsa a kai."

"Eh, Baba."

"Kin ba ni kunya." Ya ajiye tsumman. "Ki ce ya zo. Ya zo da manyansa."

Aka ɗaura aure cikin farin ciki. Manaja ta zo, 'yan sashe suka cika gida, Mama ta yi kukan daɗi har ta gaji. Baba ya kama hannun ango ya jinjina.

"Injin naka fa?"

"Bai ƙara tsayawa ba, Baba."

"To ka riƙa lura da hannunta. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Kowa ya ce amin.

Da suka koma aiki, Alhamis ta zo. Manhaja ta kwashe bayanai ta jera, ba wanda ya taɓa komai. Wayar Auta ta yi ƙara. Ba Dogo ne ya turo ba, yana gefenta hannunsa a kan tebur. Ashe ya ƙara wa manhajar aiki ɗaya: duk lokacin da ta gama, ta tura wannan saƙon.

"An gama, Shugabata. Tashi mu tafi gida."

Ta buga masa biro a bayan hannu, ta ɗauki jakarta.